Mai Barci a Bayan Fanka

Dutsen farko ya faɗo a kan rufin kwano ana tsakiyar kiran sallar magariba, a yammacin wata Talata da ba ta da wani abin tunawa. Injiniya tana zaune a falo, ko takalmin aiki ba ta cire ba, ƙaramar kwamfutarta a kan cinya, tana hararar allon kamar shi ya yi mata laifi. Mijinta, wanda ma'aikacin jinya ne, yana alwala a tsakar gida. Mahaifiyarsa, da kowa ke kira Inna, tana kan darduma da carbi a hannu. Auta kuwa, 'yar shekara tara, tana kwance rub da ciki tana zana wani gida mai tagogi da yawa. Yayyenta biyu suna makarantar kwana, saboda haka ita kaɗai ce hayaniyar gidan.

"Tashi ki rufe taga, magariba ta yi," in ji Injiniya, ba ta ko ɗago kai ba.

"Umma, bari in gama."

Wannan ita ce amsar Auta ga kowane aike, har ubanta yakan tsokane ta da Hajiya Bari-in-gama. Ita kuwa Injiniya, Allah ya ba ta kai da hannu, amma da aka zo rabon haƙuri ta riga ta yi gaba. Ta miƙa hannu ta zare takardar daga ƙarƙashin fensirin, har wani dogon layi ya ratsa tsakiyar gidan da ake zanawa.

"Gamawar ke nan. Tashi."

A lokacin ne dutsen ya faɗo. Ya yi ƙara sau ɗaya, ya gangaro a hankali har bakin indararo, ya tsaya. Sai na biyu, sai na uku, da tazara iri ɗaya a tsakaninsu kamar mai jifan yana ƙirgawa. Maigidan ya leƙa waje yana faɗin ai yaran unguwa ne, bari ya kama ɗaya ya gane kurensa. Titi babu kowa. Ya dawo da dutse guda a hannu, fuskarsa ba yadda ya fita da ita ba, ya miƙa wa matarsa. Dutsen yana da sanyi kamar yanzu aka ciro shi daga firji, alhali ranar an sha zafin rana har kwalta ta yi laushi.

Inna ta dubi dutsen, ta dubi kusurwar falo, ta ci gaba da jan carbinta da ɗan sauri. A kusurwar nan akwai wata tsohuwar na'ura, baƙa, tsayinta ya kai gwiwar mutum, wayarta a naɗe a kanta. Jiya-jiya Injiniya ta shigo da ita daga wurin aiki.

Aikin Injiniya shi ne kula da sabar wani kamfanin motocin haya, wato na'urar da ke riƙe da shafinsu na intanet, inda matafiya ke yankar tikiti. Na'urorin suna wani ɗaki mara taga a ƙarshen baranda, ɗaki mai sanyi kamar rijiya, wanda babu abin da ake ji a cikinsa sai gurnanin fankoki. Shekara goma sha ɗaya tsohuwar na'urar nan ta yi a can ƙasan kantar da ake jera na'urori, ba a taɓa raba ta da wuta ba, don an haɗa ta da batir da janareto. Wanda ya kafa ta wani dattijo ne da ya koya wa Injiniya aiki kafin ya yi ritaya. Yana da wata ɗabi'a da matasan ofis ke yi wa dariya a bayan idonsa: ba ya kashe kowace na'ura sai ya ƙwanƙwasa jikinta sau uku, ya ce, "Masu gida, za mu rage wuta," sannan ya ba ta umarni ya naɗe hannu yana jira, ko da zai kai awa ɗaya. Ya sha gaya mata cewa hanya biyu ce ta tsayar da aiki. Ko ka roƙe shi ya tattara kayansa ya fita, ko ka fizge masa wuta. Ta biyun ta fi sauri, amma kullum sai ta bar wani abu a baya.

Ranar Litinin Injiniya ta gama kwashe komai zuwa sabuwar saba, ta gwada, ta ga tana aiki sumul. Saura kashe tsohuwar. Ta ba ta umarni, sai allon ya rubuta cewa ana jiran aiki ɗaya ya kammala. Ta jira minti ɗaya, ta jira biyu, ta duba agogo: bakwai saura minti goma sha tara na yamma, ga cunkoson hanya yana jiranta. Ta yi tsaki, ta zura hannu ta baya ta zare filogin. Fankar ta yi wani dogon nishi ta tsaya. Da ta tambayi Oga, shugabansu a ofis, inda za a kai ta, ya ce ta yi yadda ta ga dama da ita, tarkace ne. Sai ta sa ta a bayan mota, da niyyar ta gyara wa Auta ta riƙa koyon rubutu.

Da safiyar Talata sabuwar saba ta ƙi tashi.

Injiniya ba baƙuwar irin wannan ba ce. Ta buɗe bayanan da na'ura ke rubutawa game da kanta, ta ga layi ɗaya tak: ba za a fara ba, akwai wani aiki da ke riƙe da wurin. Ta san wannan ciwon. Duk aikin da ke gudana yakan ajiye ɗan ƙaramin fayil mai ɗauke da lambarsa, kamar mutum ya bar hularsa a kan kujera don a san da mai wuri. In an kashe shi da ƙarfi, hular takan zauna, na baya ya zo ya gani ya ƙi zama. Maganin bai wuce a share fayil ɗin ba. Ta share, ta sake ba da umarni. Saba ta ƙi tashi. Ta duba, fayil ɗin ya dawo.

Ta nemi lambar a jerin ayyukan da ke gudana, babu ita. Ta bi tsare-tsaren na'urar harafi bayan harafi, ta duba izini, ta duba ko ma'aji ya cika, ta kashe ta kunna har sau bakwai. A ƙarshe ta goge manhajar gaba ɗaya ta sake girka ta, kafin ta ɗauke yatsa daga madannai fayil ɗin yana nan zaune. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne lokacin da ke rubuce a jikinsa. Duk sau nawa ta share shi, in ya dawo lokaci ɗaya yake nunawa: Litinin, bakwai saura minti goma sha tara. Oga ya leƙo sau huɗu, layin matafiya ya kai bakin titi, a leƙowa ta biyar ya ce ya ba ta zuwa Juma'a. Da wannan nauyin ta dawo gida ranar da aka fara jifa.

Laraba ta wuce a ofis kamar Talata. Da magariba duwatsun suka dawo, wannan karon har bakwai. Bayan na bakwai gidan ya yi tsit, irin shirun da mutum ke jin bugun zuciyarsa a kunne. Sai aka ji murya daga bakin ƙofar falo, ta mace, ƙasa-ƙasa, ba sallama ba ce kuma ba kuka ba, irin sautin nan ne da uwa ke yi in tana lallaɓa jariri ya farka. Maigidan ya yaye labule, babu kowa sai takalmansu a jere.

Da suka juyo suka ga Auta a kusurwa. Ta durƙusa a gaban tsohuwar na'urar, ta manna tafin hannunta na dama a bayanta, daidai ragar fanka, idanunta a buɗe amma ba ta kallon komai.

"Ke, me kike yi a nan? Tashi!"

Auta ba ta ce a bari ta gama ba. Rashin wannan amsar ne ya sa gaban Injiniya ya faɗi. Ta kama hannun yarinyar za ta ɗaga, ta ji shi kamar ƙarfen da ya kwana a waje, sanyin har gwiwar hannu. Sai da uban ya sa ƙarfinsa sannan hannun ya rabu da ragar. Ya ɗauko ma'aunin zafin jiki ya sa mata, ya duba, ya kaɗa shi, ya sake sawa. Bai faɗi abin da ya gani ba, mukullin mota kawai ya ɗauka.

A asibiti aka ɗebi jini, aka auna abin aunawa, aka ce ba a ga komai ba, a lulluɓe ta a ba ta abu mai ɗumi. Suka lulluɓe ta da bargo uku. Ranar Alhamis Injiniya ba ta je aiki ba, wayarta ta yi ta ruri a kan tebur har ta gaji. Auta ba ta ci ba, ba ta yi magana ba, leɓɓanta suka yi fari. Da an ɗauke ido daga kanta sai a same ta a kusurwa, hannu a kan raga. Aka kai na'urar ɗakin ajiya aka kulle, yarinyar ta rarrafa ta kwanta a bakin ƙofar, wani gurnani siriri yana fita daga maƙogwaronta ba tare da ta ja numfashi ba. Injiniya ta tsaya a kanta tana saurare. Shekara shida tana jin wannan sautin kullum a ɗakin sanyi, ba za ta kasa gane shi ba.

"'Yar nan," in ji Inna a hankali, "ruwa ba ya tsami banza. Me kika kwaso mana?"

"Ƙarfe ne kawai, Inna. Ƙarfe da waya."

"To, ƙarfen nan da mai shi. Ku kira mini Malam mai agogo."

Malam ya iso bayan la'asar. Ɗan siririn tsoho ne mai shagon gyaran agogo a bakin kasuwa, wanda aka sani da karatu da kuma rashin yawan magana. Bai nemi turare ba, bai nemi komai ba sai ruwa a kofi da tabarma. Ya sa aka fito da na'urar aka mayar da ita kusurwarta, aka kwantar da Auta a kusa. Sannan ya ce Injiniya ta ba shi labari tun daga farko, kada ta tsallake komai. Da ta zo wurin filogin ta so ta wuce da sauri, ya ɗaga yatsa.

"Na'urar ta ce miki me?"

"Ta ce ana jiran aiki ɗaya ya kammala."

"Kika jira?"

"Na jira, Malam. Minti biyu."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka kawo wa agogon da yaro ya buɗe da wuƙa. Ya zauna yana jira har rana ta faɗi.

Suka yi sallah a falon, Malam ya zauna a gefen kan yarinyar ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma tana tafiya daram ba gargada. Hasken taga ya koma ja, ya koma toka. Dutse ya faɗo a rufi, wani ya biyo shi, sai suka zubo kamar ruwan ƙanƙara har Inna ta toshe kunne tana salati. Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba. Can sai jifan ya ɗauke. Auta, wadda tun safe ba ta iya ɗaga kai, ta tashi zaune tsaf, ta harɗe ƙafafu irin zaman manyan mata, ta juyo da fuskarta.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

Muryar ba ta Auta ba ce. Ta babbar mace ce, a dushe, kamar ta wadda ta kwana uku tana kira.

"Wace ce ke, me kike nema a jikin yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba?" in ji Malam.

"Ba da ita nake ba. Da mai hannun nake." Idanun suka sauka a kan Injiniya. "Shekara goma sha ɗaya muna zaune a bayan fankar nan. Ɗakin sanyi ne, wurin nan kaɗai ke da ɗumi. Ba mu taɓa ɓata musu aiki ba. Dattijon can in zai taɓa wani abu sai ya ƙwanƙwasa, mu kauce, ya gama, mu dawo. Ran nan na fita da magariba kamar kullum, na bar ɗana yana barci. Na dawo na tarar da wurin fayau, sai shatin ƙura."

Injiniya ta ce, "Ban sani ba. Wallahi ban san da kowa a ciki ba."

"An gaya miki. Ƙarfen ma ya fi ki kunya, shi ya tsaya yana jiransa."

Malam ya tambaya a natse, "Ina yaron yake yanzu?"

"Yana ciki. Sanyi ya kama shi cikin barci, ya ƙi farkawa, ni kuma ba na iya ɗaukarsa sai ya farka. Da rana ina can ina tsare masa wurinsa, kada wani ya zauna. Da magariba in zo in ari ɗumin 'yarta in ba shi. Da me kuke so in riƙe shi?"

Uban ya yunƙura zai yi magana, Inna ta riƙe masa riga.

"Aro da izini ake yi," in ji Malam. "Abin da kike ɗauka ran yarinya ne. An zalunce ki cikin rashin sani, ke kuma kina zalunci da saninki. Faɗi abin da zai raba."

"A bar mini ita har ya farka."

"Ba za a bar miki ita ko daren yau ba."

"To, a mayar da gidana inda yake, a kunna, kada a ƙara kashewa har abada."

"Har abada ba ta hannun ɗan Adam. Ƙarfe ne, ya tsufa, gobe zai mutu da kansa ki sake neman wanda za ki kama. Ga abin da za a yi. Za a kunna shi a nan, yanzu, ɗanki ya ji ɗumi ya farka. Ki ɗauke shi ki nemi wani wuri nesa da mutane. Ki saki yarinya, ki saki wurin aikin, kada ki waiwayo gidan nan. In kin ƙi, ni ban gaji da karatu ba."

Bakin Auta ya motsa kamar mai tauna magana.

"Na yarda, amma da sharaɗi. Hannun da ya zare shi zai mayar. Ita za ta kunna, ita za ta nemi izini, ita za ta ba da umarnin kashewa, ta jira har ya mutu da kansa. Hannun 'yarta yana kan raga har mu fita. In ta taɓa wayar nan kafin lokaci, ko me ta gani, ko me ta ji, nawa ya tafi, tata ta bi shi."

Malam ya sa ta rantse da Wanda ya halicce su duka, ta rantse. Sannan ya dubi Injiniya. "Kin ji. Wannan ba aikina ba ne, naki ne."

Ta ɗauko allo da madannai ta haɗa, sai da ta gwada sau uku kafin filogin ya shiga soket. Ta danna. Fankar ta yi tari, ta yi kamar ba za ta juya ba, sannan ta kama. Gurnanin da ke maƙogwaron Auta ya ɗauke a daidai wannan lokacin, kamar an mayar da shi inda aka aro shi. Yarinyar ta miƙa hannu ta manna a raga. Rubutu ya yi ta gudu a allo har ya tsaya. Suka zauna suna jira, iska mai ɗumi ta fara fitowa ta bayan na'urar, da warin tsohuwar ƙura.

Injiniya ta durƙusa. Ita da ta fi kowa yi wa dattijon ofishinsu dariya, ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa jikin ƙarfen sau uku.

"Masu gida, ku yi haƙuri. Za mu rage wuta."

Ta rubuta umarnin ta danna. Layuka suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowane aiki yana rufe kansa, har aka zo na ƙarshe. Ana jiran aiki ɗaya ya kammala.

Minti biyu suka wuce, irin waɗanda ta iya jira ran Litinin. Biyar suka wuce, goma suka wuce. Malam ya koma karatunsa ƙasa-ƙasa. Fankar ta fara ƙara gudu, sautinta yana hawa, jikin na'urar ya ɗauki zafi har ana jin hucinsa daga inda Inna take. Warin ƙura ya koma warin roba mai ƙuna. Ƙwan fitilar falo ya yi kamar zai ɗauke, ya dawo, Injiniya ta ji ranta ya bi shi ya dawo. Sai wani siririn hayaƙi ya fara fita ta ragar, ta tsakanin yatsun Auta.

"Maman Auta, abin nan zai kama da wuta," in ji mijin. "Hannunta yana kai."

Idonta yana kan layin nan guda.

Sai Auta ta yi ƙara, da muryarta ta gaskiya, muryar da uwar ta kwana ta wuni tana roƙon Allah ta sake ji.

"Umma! Zafi! Umma, cire, don Allah ki cire!"

Hannun Injiniya ya tafi da kansa. Kafin ta san abin da take yi yatsunta sun kai kan filogin, sun kama shi, ga shi nan da ɗumi, fizga ɗaya ya rage. Duk jikinta yana ce mata ta ja. Tun da take ba ta taɓa ganin matsala ta naɗe hannu ba, da wannan hannun ta ci abinci, da shi ta yi suna a wurin aiki, yau kuma 'yarta ce ke kiranta. Ta dubi Malam, bai dube ta ba, bai kuma fasa karatu ba. Ta dubi allon. Layin bai ce an kasa ba, cewa ya yi ana jira.

Ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta janye hannun ta sa shi a ƙarƙashin gwiwarta ta danne da dukkan nauyinta. Hawaye suna zuba, ta matso da bakinta kusa da kunnen yarinyar.

"Yi haƙuri, Auta. Bari ya gama. Ina nan, ba inda za ni. Bari ya gama."

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi tana maimaita wannan ba. Ta dai san kukan Auta ya koma shessheƙa, hayaƙin ya yi kauri sannan ya sirance. Can daga nesa ladan ya fara kiran isha. A cikin na'urar wani abu ya yi motsi, ɗan ƙaramin sauti, kamar atishawar jariri. Layin ya ɓace daga allo. Wani ya maye gurbinsa, cewa an rufe komai, sannan allon ya yi baƙi da kansa. Fankar ta rage gudu a hankali, a hankali, har ta tsaya ba tare da nishi ba.

Labulen ƙofa ya ɗaga ya sauka, alhali babu iska. A kan rufi suka ji taku, ba jifa ba, taku mai nauyi irin na wadda ta goya, ya bi tsawon kwanon har ƙarshe, daga nan ba su ƙara jin komai ba.

Auta ta sulale a jikin uwarta, gumi yana keto mata ta ko'ina. Uban ya kama hannun yana juyawa a gaban fitila. Babu ƙuna, sai shatin raga ja a tafin, kuma hannun da ɗuminsa. Ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska, Inna tana ta hamdala tana ƙarawa.

"Umma," in ji Auta cikin magagi, "yunwa nake ji."

Malam ya shanye sauran ruwan kofinsa ya naɗe tabarma. A bakin ƙofa Injiniya ta tambaye shi ko kukan nan na Auta ne, ko kuwa gwada ta aka yi. Ya sa takalminsa, ya ce shi ma bai sani ba, kuma gara da ba ta tsaya sai ta sani ba.

Da safiyar Juma'a ta shiga ɗakin sanyi ita kaɗai. A ƙasan kantar shatin ƙurar yana nan, mai kusurwa huɗu. Ta duba, fayil ɗin babu shi, ba kuma ita ta share ba. Ta ba da umarni sau ɗaya, saba ta tashi kamar ba ita ce ta kwana uku tana gardama ba. Oga ya shigo yana washe baki, ya tambaye ta wace dabara ta yi.

"Jira na yi, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take.

Da yamma ta koma gida da wuri. Auta tana kwance rub da ciki a wurinta na kullum, ta samo takardar nan mai layi a tsakiya tana ƙarasa tagogin. Rana ta yi ƙasa, inuwa ta cika falon, iska mai sanyi tana shigowa ta taga. Injiniya ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga hannunta har ya fara miƙewa wajen takardar. Ta mayar da shi, ta je ta rufe tagar da kanta, ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da yarinyar.

"Gama abinki, ina jiranki."

Auta ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da cika taga ta ƙarshe da jan fensir, a hankali, shatin ragar yana nan a tafin hannunta bai gama bajewa ba.

"Umma, kin san ran Litinin ɗin nan, kafin ki zare waya, ɗan matar nan ya farka?" ta ce. "Ya ji ki a tsaye. Takalminsa yake nema, ƙafa ɗaya ta rage masa."